Darasi na Bakwai: Haƙoran Keke da Lissafin Gudu

A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya tsaya a Abuja ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Kafin mako ya zagayo, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta doshi 500, kafin shekarar 2024 ta fita kuma ta haura 1,000. A Miga ta jihar Jigawa da ƙauyukanta, kamar sauran garuruwan bakin Kogin Haɗejiya, magidanta da dama sun jingine babur a zaure, sun jawo tsohon keke daga bayan rumbu sun kakkaɓe masa ƙura. Masu gyaran keke, waɗanda kasuwarsu ta daɗe da yin sanyi, suka sake ganin layi a gindin bishiya.

Wanda ya saba da babur kuwa, in ya dawo kan keke, nawa ce take fara ci masa tuwo a ƙwarya. Ƙorafin kusan iri ɗaya ne a bakin kowa: "Malam, a taimaka a ƙara mini gudu. Ina ta juya ƙafa kamar tela, amma hanya ta ƙi raguwa." Mai gyaran da ya san aikinsa ba ya saurin ɗauko sifana. Durƙusawa yake yi, ya sa yatsa a kan haƙoran da sarƙa ke hawa yana ƙirgawa, sannan ya ɗago kai ya ce: "Alhaji, me kake ɗorawa a kariya? Wace hanya kuma kake bi?"

Wanda ya gane lissafin da ke bayan waɗannan tambayoyi biyu zai iya zaɓa wa kekensa haƙoran da suka dace da shi, ba sai an zaɓa masa ba.

Faranti biyu, sarƙa ɗaya

Keken da aka fi sani a wannan yanki shi ne dogon nan baƙi mai birkin ƙarfe: Raleigh na Ingila, wanda dattawa ke kira Rale, da Phoenix na ƙasar Sin, da Hero da Avon na Indiya. Giyarsa ɗaya ce tak. (Giyar inji ake nufi, kada wani ɗalibi ya kai ƙarar malami wajen liman.) A gaba, inda feda take, akwai babban faranti mai haƙora. A baya, a tsakiyar taya, akwai ƙarami, wanda masu gyara ke kira firiwil. Shi ne mai ƙas-ƙas ɗin nan idan mutum ya tsayar da ƙafa keke na tafiya. Sarƙa ce ta haɗa su.

Kowane haƙori na gaba yana jan gaɓa ɗaya ta sarƙa, gaɓar nan kuma tana jan haƙori ɗaya na baya. A ce farantin gaba yana da haƙora 44, firiwil yana da 18, kamar yadda ake yawan samu. Feda ta zagaya sau ɗaya, haƙora 44 sun wuce ke nan. Na baya kuwa 18 ne kawai, don haka sai ya zagaya sau biyu, ya cinye 36, ya ƙara da 8, wato kusan rabin zagaye. A rubuce: 44 ÷ 18 = 2.44. Duk zagayen feda ɗaya, tayar baya ta yi kusan zagaye biyu da rabi.

Saura a san nisan da taya ke ci a zagaye ɗaya, wannan kuma ba sai an nemi littafi ba. A tsayar da keke bawul ɗin taya yana ƙasa daidai, a ja layi a wurin, a tura keken har bawul ya sake dawowa ƙasa, a ja wani layin, a auna tsakaninsu da tef ɗin tela. Tayar dogon keke mai inci 28 takan ba da kusan mita 2 da santimita 20, wato 2.2. Idan aka ninka 2.44 da 2.2, za a samu kusan mita 5.4. Wannan shi ne takun keken: nisan da yake ci duk lokacin da ƙafa ta zagaya sau ɗaya.

Mai tafiyar yau da kullum yakan juya feda kamar sau 60 a minti ɗaya. Mita 5.4 sau 60, mita 324 ke nan a minti, kilomita 19 da 'yan kai a awa. Idan aka cire firiwil mai 18 aka ɗaura mai 16, lissafi ya koma 44 ÷ 16 = 2.75, taku ya zama mita 6 da kaɗan, gudu ya kusa kilomita 22 a awa. In an haɗa da sauya farantin gaba zuwa mai 48, to 48 ÷ 16 = 3 cif, taku mita 6.6, gudu ya doshi 24. Ƙa'idar gajeriya ce: ƙara haƙora a gaba ko rage su a baya yana tsawaita taku, rage su a gaba ko ƙara su a baya yana gajarta shi.

Kafin a san sarƙa

Wannan dabara ba da ita keke ya zo duniya ba. A Ingila, cikin shekarun 1870, feda a jikin tayar gaba take, ƙafa ta zagaya sau ɗaya taya ta zagaya sau ɗaya. Mai son gudu ba shi da wata hanya sai ya ƙara girman taya, har aka kai ga tayar da tsayinta ya kusa mita ɗaya da rabi. Mahayi yana can sama kamar mai raƙumi, in ya ci karo da dutse da ka yake sauka. Duk da wannan kasada, takun irin wannan keke bai wuce mita 4.7 ba, bai ma kai na baƙin keken da ke jingine a ƙofar masallacin Miga ba.

A 1885 ne John Kemp Starley, a birnin Coventry, ya fito da keken Rover mai sarƙa zuwa tayar baya. Daga nan gudu ya bar girman taya ya koma adadin haƙora. A 1902 aka fara ƙera giya uku ta Sturmey-Archer, wadda ke ɓoye cikin tsakiyar tayar baya, kuma kamfanin Raleigh na Nottingham ya sa ta a kekunansa da yawa. Masu shirya tseren Tour de France na Faransa kuwa sai a 1937 suka yarda 'yan tsere su yi amfani da abin sauya giya ana cikin tafiya.

Banza ba ta kai zomo kasuwa

A koma kan Alhajin nan, a ce an sa masa firiwil mai 16. A tafiyar kilomita 10, da can ƙafarsa takan zagaya kusan sau 1,860. Yanzu kusan 1,650 ne. Ya rage zagaye 210. Idan ya iya riƙe sau 60 ɗinsa a minti, tafiyar minti 31 ta koma 27 da rabi. Har nan dai labari mai daɗi ne.

Sai dai keke ba ya ƙirƙiro ƙarfi. Duk mai jan ruwa a rijiya ya san wannan. Mai cika randa da babban guga ba ya jefawa sau da yawa, amma kowane ja yana jin sa a kafaɗa. Mai ƙaramin guga yana ta jefawa yana ja ba wahala, sai dai ya fi yawan kai da komo. Ruwan da ya shiga randa ɗaya ne. Haka haƙoran keke suke. Daga 18 zuwa 16, kowane taku na feda ya ƙara nauyi da kashi ɗaya cikin takwas. Daga 44 da 18 zuwa 48 da 16, ƙarin ya kusa kashi ɗaya cikin huɗu. Abin da aka rage a yawan juyi an mai da shi kan cinya da gwiwa.

Abin da kan faru shi ne, ƙafar da ke juya sau 60 ta koma 50 saboda nauyi. Mita 6.05 sau 50 kuwa mita 302 ne a minti, ƙasa da 324 ɗin da ake samu kafin gyara. An biya kuɗin firiwil, an biya na aiki, an sayi nawa. Ga kuma gwiwa, wadda ba ta son a danna ta da ƙarfi a hankali na tsawon lokaci. Juyi mai sauƙi da ɗan sauri ya fi mata. 'Yan tsere sukan riƙe sau 80 zuwa 100 a minti. Mai zuwa gona ba ya buƙatar haka, amma in yana yin ƙasa da 50 a kan hanya mai kyau, yana karkata jiki dama da hagu don ya danna feda, to giyar ta fi ƙarfinsa. Gwajin ba wuya: a duba agogon waya, a ƙirga sau nawa gwiwar dama ta ɗago cikin daƙiƙa 15, a ninka da 4.

Abokiyar gabar da ba a gani

A kan kwalta mai laushi, da zarar gudu ya kai wajen kilomita 20 a awa, mafi yawan ƙarfin mahayi ba a taya yake ƙarewa ba, a ture iska yake ƙarewa. Ita kuwa iska ba ta da adalci wajen lissafi. In gudu ya ninka biyu, turjiyarta ninkawa huɗu take yi, ƙarfin da jiki zai riƙa fitarwa don ya keta ta kuma ya ninka takwas. Ɗan ƙarin nan daga kilomita 19 zuwa 22 ma yana neman ƙarin fiye da kashi 40 cikin 100 na ƙarfin da ake kashewa a kan iska.

Mutumin Miga ya san wannan a jikinsa ko bai taɓa jin lissafin ba. Haɗejiya tana arewa maso gabas da Miga, daga can kuma iskar hunturu ke busowa tun daga wajen Nuwamba har Fabrairu. Mai tafiyar kilomita 15 a awa, in iska mai gudun 15 ta tare shi, abin da ƙirjinsa ke ji na 30 ne: ninki huɗu na ranar da gari ya yi tsit. Babbar riga da ta cika da iska, ko damin kara da aka ɗaure a gicciye, duk ƙari ne a kan wannan. A irin wannan rana mai firiwil 16 yakan sauka ya tura, mai 20 ya wuce shi yana yi masa sannu.

Akwai misalai biyu daga duniyar tsere da suka fito da maganar fili. A Satumba 2018, wata Ba'amurkiya mai suna Denise Mueller-Korenek ta yi gudun kilomita 296 a awa a kan keke, a filin gishiri na Bonneville da ke jihar Utah. Giyarta ta kai inda zagayen feda ɗaya ke cin kusan mita 40, ninki bakwai na keken Miga. Amma ba ta iya tayar da keken daga tsaye da ƙafarta ba. Motar tsere ce ta ja ta da igiya har suka wuce kilomita 160 a awa kafin ta saki, sannan motar ta ci gaba da tafiya a gabanta tana tare mata iska. Ba don motar ba, haƙoran nan ba su da wani amfani.

Na biyu ya fi kusa da darasinmu. A Oktoba 1972, a birnin Meziko, Eddy Merckx na Beljiyam ya ci kilomita 49.431 cikin awa ɗaya, shi kaɗai ba mai tare masa iska. Haƙoransa 52 ne a gaba, 14 a baya. Takunsa bai kai mita 8 ba, wato ninki ɗaya da rabi kawai na baƙin keke, amma gudunsa ya kai ninki biyu da rabi. Ina sauran ya fito? Daga ƙafar da ta riƙa juyawa fiye da sau 100 a minti har awa ta cika. Gwanin da duniya ta sallama wa ma bai rage juyi don ya yi gudu ba.

Jigawa da fadama

Wanda ya dubi ƙasar Miga zai ce ai nan gidan babbar giya ne, tunda babu dutse babu hawa. A kan kwalta, ga malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti da ba ya ɗauke da komai sai jaka, maganar tana da ƙanshin gaskiya. Amma tsakanin gona da kwalta akwai ƙasa iri biyu, kowace da halinta. Akwai jigawa, ƙasa mai rairayi, wadda jihar ma daga ita ta samo suna lokacin da aka cire ta daga Kano a 1991. Taya na nutsewa a cikinta, tuƙi ya zama kamar hawan tudun da ba ya ƙarewa. Akwai kuma fadama, wadda lakarta ke kama taya da damina, in ta bushe kuma ta bar sawun shanu da tsagewa masu girgiza haƙoran mahayin kansa. Shekarar da kogi ya yi ambaliya, kamar 2022, hanyoyi da yawa sukan yanke, a koma bin gefen gonaki.

Ga kuma kaya. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan Kogin Haɗejiya ta sauya, noman rani ya zama babbar sana'a a wannan kwari: shinkafa, alkama, albasa, tumatir, tattasai. Keke ne ke kai taki gona, shi ke fito da buhu bakin hanya, shi ke kai kwandon kifi ko kayan miya kasuwar Gujungu ko Jahun. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka jarka huɗu masu lita 25 kilo 100 ne, ban da mahayi. Tayar da wannan nauyi daga tsaye a kan firiwil 16 aiki ne da ke karya feda, ya tsinka sarƙa, ya bar mutum da ciwon gwiwa.

A ƙaddara tafiyar kilomita 10, takwas a kan hanya mai ƙarfi, biyu cikin rairayi. Mai firiwil 16 ya ci takwas ɗin a gudun 22, minti 22 ke nan. Ya shiga rairayi ƙafa ta kasa juyawa, ya sauka yana turawa a tafiyar kilomita 4 a awa, minti 30. Jimla 52. Mai firiwil 22, wanda takunsa mita 4.4 ne kawai, ya ci takwas ɗin a gudun 16, minti 30. Ya ratsa rairayin a kan sirdi a gudun 8, minti 15. Jimla 45. Sauri ya haifi nawa, in ji masu iya magana, ga shi nan a lissafi.

A ganin mai wannan darasi, yawancin kekunan Miga ba ƙarin gudu suke nema ba. Mai bin kwalta ba kaya, in ya ga ƙafarsa na wuce sau 80 a minti keke na neman kufce masa, shi ne ya cancanci 16. Mai haɗa gona da kasuwa ya bar 18 ɗinsa. Mai dakon ruwa, itace ko buhu ya nemi 20 ko 22. Wanda yake da hali ya ajiye firiwil biyu, ya sa babba da damina da kaka, ya mai da ƙarami in hanya ta bushe kaya sun ragu.

In an yanke shawarar sauyawa

Firiwil ya fi sauƙin sauyawa da araha. Farantin gaba a dogon keke yawanci a manne yake da ƙarfen fedar dama, sai an sauya su tare, kuma babba ba lalle ya shiga cikin murfin sarƙa ba. Ƙasa da haƙora 16 ba a cika samun wanda zai hau tsakiyar tayar irin wannan keke ba. Ƙaramin firiwil kuma ya fi saurin cinyewa, domin haƙora kaɗan ne ke raba nauyin a tsakaninsu.

Sauya haƙora yana taɓa tsawon sarƙa. Duk haƙori ɗaya da aka rage, tayar baya za ta ja baya da kusan milimita 3 kafin sarƙa ta yi daidai. Daga 18 zuwa 16, milimita 6 ke nan. In ramin da taya ke zama bai da sauran wuri, sai an cire gaɓa. In an ƙara haƙora kuwa, wataƙila sai an ƙara gaɓa. Sarƙar da ta yi daidai, in an taɓa tsakiyarta, takan motsa sama da ƙasa kamar santimita ɗaya. Ta fi haka sakwarkwacewa, za ta riƙa faɗuwa. Ta fi haka ɗaurewa, za ta ci boris ta kuma ci ƙarfin mahayi.

Abu biyu ne ake yawan mantawa. Na farko birki: tunda taya ta matsa, robar birkin baya ba ta kan wili daidai, sai an sake saita ta. Ƙara wa keke gudu a bar shi da birkin da ba ya kamawa ganganci ne, balle a hanyar da awaki da yara ke tsallakawa. Na biyu tsohuwar sarƙa. Tsakanin ƙusa da ƙusa a sarƙar keke rabin inci ne, don haka a sabuwa, daga ƙusar da aka fara awo zuwa ta 24 a gabanta inci 12 ne cif. In tef ya nuna ƙarin milimita ɗaya da rabi, sarƙar ta gaji. In ya kai 3, ta riga ta cinye haƙoran da take hawa. Ɗora irin wannan a kan sabon firiwil asarar kuɗi ce: za ta riƙa tsalle in an danna, ta kuma lalata shi cikin 'yan watanni.

Wanda zai kwance feda da kansa ya tuna cewa ta hagu a juye take ɗauruwa. An sha karya sifana a kanta.

Kekunan gwanjo masu giya da yawa

Yanzu kasuwanni sun cika da kekunan gwanjo daga Turai da Japan, masu faranti uku a gaba da shida ko bakwai a baya. Mai sayarwa zai ce giya 18 ce ko 21, ya ninka uku da shida ko da bakwai. Gaskiyar ita ce da yawa daga cikinsu kusan maimaicin juna ne. Abin dubawa shi ne ƙarshe da ƙarshe. A keke mai 48, 38 da 28 a gaba, da 14 zuwa 28 a baya, wanda tayarsa mai inci 26 ke cin kusan mita 2.1, mafi nauyi ita ce 48 da 14, taku mita 7.2, mafi sauƙi 28 da 28, taku mita 2.1. Mai irin wannan keke yana da giyar kwalta da ta rairayi a ƙarƙashin babban yatsansa, in kiɗa ya sauya rawa ta sauya.

Abin takaici, da yawa ba a morar su. Wayar giya ta tsinke, sarƙa ta gangara kan ƙaramin haƙori na baya, mai keke ya ci gaba da fama a haka shekara guda. Wani kuma ya kai wa mai gyara, a cire masauyin giyar gaba ɗaya, a gajarta sarƙa a ɗaure ta wuri ɗaya. In har za a yi hakan, a ɗaure ta a tsakiya, inda taku zai faɗa tsakanin mita 5 da 5 da rabi. Amma sabuwar waya ya kamata a fara nema.

Sauya giya yana da ladabinsa. Ana yi ne ƙafa na juyawa, amma an sassauta dannawa. Ana sauyawa kafin a shiga rairayi, ba bayan taya ta nutse ba. Ba a haɗa babban faranti na gaba da babba na baya, ko ƙarami da ƙarami, domin sarƙa takan karkace ta yi ta gurzar haƙora. A jikin masauyin baya akwai ƙananan sukurori biyu, ɗaya da harafin H, ɗaya da L. Na H ne ke hana sarƙa faɗawa waje ta wajen ƙaramin haƙori, na L kuma ke hana ta faɗawa cikin wayoyin wili. Na L ɗin nan ba abin wasa ba ne. In ya saki, masauyi na iya shiga cikin taya ana cikin gudu. In giya na jinkirin hawa ko tana ƙara, yawanci ba sukurorin ba ne, wayar ce ta saki, kuma ɗan murfin da ke inda waya ta shiga masauyi, in an murza shi rabin zagaye, yakan gyara ta.

Gudun da ba a saya

Kafin a kashe ko kwabo a kan haƙora, akwai wuraren da ƙarfin mahayi ke zurarewa. Sirdi na farko. Mutane da yawa suna sauke shi ƙasa don ƙafa ta taɓa ƙasa suna zaune, sai gwiwa ta kasa miƙewa, cinya ta yi aiki a takure. Awonsa shi ne: mahayi ya zauna, ya ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe sak ba tare da ƙugu ya karkata ba. In ya mai da tafin gaba kan feda, gwiwa za ta ɗan lanƙwasa kaɗan, haka ake so.

Sai iskar taya. A kan kwalta, taya mai laushi tana shan ƙarfi, tana kuma jawo faci. A cikin rairayi kuwa rage iska kaɗan yana taimakawa, don taya ta baje ta daina nutsewa. Sai robar birki da ke gogar wili, da wilin da ya karkace: a ɗaga keke a juya taya, in ta tsaya da wuri akwai abin da ke riƙe ta.

Mai kuma yana da nasa sharaɗin a ƙasar rairayi. Sarƙar da aka yi wa wanka da baƙin mai tana kwasar yashi, mai da yashi kuwa in sun haɗu sun zama dutsen wasa wuƙa. A goge sarƙa da tsumma, a ɗiga mai kaɗan a kan kowace gaɓa, a juya feda, a sake gogewa har bayanta ya bushe. Murfin sarƙar da samari ke cirewa don keke ya yi kyan gani, shi ne ke sa sarƙar tsohon Rale ta shekara da shekaru ba a sauya ta ba.

Aikin aji da na gida

1. Kowane ɗalibi ya ƙirga haƙoran gaba da na baya na kekensa ko na maƙwabcinsa, ya auna zagayen taya da tef, ya fitar da takun keken a mita.

2. A gwada amsar a ƙasa: a tsayar da fedar dama tana kallon ƙasa, a ja layi, a tura keken da baya har fedar ta zagayo wurinta, a auna. Awon ya yi daidai da lissafin?

3. Keke mai haƙora 46 a gaba da 20 a baya, tayarsa na cin mita 2.2. Kilomita nawa zai ci a awa in ana juya feda sau 60 a minti? In an juya sau 70 fa?

4. Mai dakon jarka huɗu daga bakin kogi yana da 44 da 18, yana kukan ciwon gwiwa. Abokinsa ya ba shi shawarar 16. Ɗalibai su kasu biyu su tattauna, kowane ɓangare ya kawo lissafinsa a allo.

5. A mako mai zuwa kowa ya zo da adadin juyin ƙafarsa a minti ɗaya, ɗaya a kan kwalta, ɗaya a cikin rairayi, tare da nauyin abin da ya ɗauko ranar.